Iya ruwa fid da kai: Darasi daga tsibirin Chumbe

Yaron da ya tashi a Horo Birni ko Boɗinga ko Shagari ya san ruwa iri-iri. Ya san na rijiya, ya san na fadama, ya san na gulbi da na madatsa. Teku kuwa sai dai a littafin labarin ƙasa ko a waya. Wanda ya ƙudura sai ya gan shi da idonsa, tafiyar kusan kilomita 1,000 ce a gabansa kafin ya isa Legas. Ko ya isa ma, saman ruwan kaɗai zai gani. Tekun da ke gaɓar Najeriya yana da igiya mai ƙarfi, ga laka da yashin da Kogin Kwara da sauran koguna suke zubawa a cikinsa, don haka ido ba ya iya ratsa shi.

Amma a gabashin Afirka akwai wuraren da ruwan teku yake garau, har mutum ya kwanta a samansa ya riƙa kallon ƙasa kamar mai leƙa kasuwa daga saman bene. Ɗaya daga cikinsu shi ne wani ɗan ƙaramin tsibiri mai suna Chumbe. Na zaɓe shi ne saboda ba masu kuɗi 'yan yawon buɗe ido kaɗai ke zuwansa ba. Ɗalibai sa'o'inku, maza da mata, su ma ana kai su.

Ina ne Chumbe?

Chumbe yana cikin Tekun Indiya, a yankin Zanzibar. Zanzibar tarin tsibirai ne, manyan cikinsu Unguja da Pemba, kuma a 1964 suka haɗe da Tanganyika aka samar da ƙasar Tanzaniya. Mafi yawan mutanen wurin Musulmi ne, harshensu Swahili. Bahaushe ba zai ji baƙunta sosai ba, domin su ma sun ari kalmomi daga Larabci kamar yadda muka ara. Labari su ce habari, asuba su ce asubuhi, Alhamis su ce Alhamisi. Sun kuma yi suna wajen noman kanumfari, wannan da iyayenmu mata ke jefawa a kunu da shayi.

Daga birnin Zanzibar zuwa Chumbe kimanin kilomita 12 ne, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a ƙaramin jirgin ruwa mai inji. Tsawon tsibirin ya ɗan haura kilomita ɗaya, faɗinsa kuwa wajen mita 300. Wato ko sassarfa ba ka yi ba, kafin a gama darasi ɗaya a aji ka bi shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Babu ƙauye a kansa. A farkon shekarun 1990 wata Bajamushiya mai suna Sibylle Riedmiller ta fara fafutukar a kare shi, kuma a 1994 gwamnatin Zanzibar ta ayyana ruwan da ke yammacin tsibirin a matsayin wurin da aka haramta kamun kifi. Masu gadin wurin na farko masunta ne daga ƙauyukan da ke kusa, aka horar da su. Kuɗin da baƙi suke biya da su ake biyan ma'aikata, da su kuma ake ɗaukar nauyin ɗaliban makarantun Zanzibar su zo su yini kyauta.

Murjani ba dutse ba ne kawai

Abin da ake karewa a Chumbe shi ne murjani. Mun san wannan suna a gida, domin da jan murjani ake yi wa amare ado. Wancan na wuya wani nau'i ne da aka fi samu a Bahar Rum. Na Chumbe danginsa ne, sai dai shi gini yake yi a ƙarƙashin ruwa.

Idan ka gan shi za ka rantse dutse ne ko itace, alhali dabba ce. Wasu ƙananan halittu ne masu laushin jiki, da yawansu ba su wuce ƙwayar dawa ba. Kowace tana tsamo sinadarin alli daga ruwan teku ta gina wa kanta ɗan ɗaki mai tauri. Idan ta mutu, wasu su ɗora nasu a kan nata. Da haka, shekara bayan shekara, ake samun tudu mai tsawon kilomitoci. Wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwar mutum. Nau'in da yake dunƙule kamar dutse bai cika ƙaruwa da fiye da santimita ɗaya a shekara ba. Ke nan wanda ya taka shi ya karya, ya rushe aikin da ya girmi kakansa.

A cikin jikin waɗannan halittu akwai wasu ƙwayoyin tsiro da ido ba ya gani. Su ne ke amfani da hasken rana su haɗa abinci, kamar yadda aka koya mana game da ganye a darasin kimiyya, su ciyar da mai masaukinsu, su kuma ba shi launi. Wannan ne dalilin da ya sa irin wannan murjani ba ya rayuwa sai a ruwa mai ɗumi, marar zurfi, wanda haske ke ratsawa. Idan ruwan ya yi zafi fiye da ƙima, sai murjanin ya kori baƙin nasa, ya koma fari fat. In zafin ya daɗe, ya mutu da yunwa. Hakan ta faru a sassa da yawa na Tekun Indiya a 1998 da kuma 2016.

Masana sun ce tudun murjani bai kai kashi ɗaya cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku suna dogara da shi. A ɗan wurin da aka killace a Chumbe kaɗai, an ƙirga nau'in murjani kimanin 200 da nau'in kifi sama da 400. Ku gwada lissafa kifayen da kuka sani a gida: tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, giwan ruwa. Da ƙyar mafi yawanmu mu kai 20.

Gilashi, bututu da rigar ruwa

A Chumbe ba a barin baƙi su yi nutso da tukunyar iska a baya. Hanya ɗaya ce ta kallo, kuma kayanta ba su da yawa.

Na farko gilashin fuska, wanda yake rufe idanu da hanci. Idon mutum an yi shi ne don gani a cikin iska, shi ya sa in ka buɗe ido a ruwa komai yake zama dishi-dishi. Gilashin yana tsare 'yar iska a gaban ido, sai gani ya dawo daidai. Sai dai yana da ɗan ruɗi: abu yakan fi girmansa na gaskiya da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma yi kamar ya fi kusa.

Na biyu bututun numfashi. Ɗan lanƙwasasshen bututu ne da ake riƙewa da baki, ɗaya bakin nasa yana saman ruwa. Fuskarka tana ciki, kana shaƙar iskar waje. Tsawonsa ba ya wuce santimita 40. Wani zai ce, me zai hana a yi mai tsawon mita biyu a sauka ƙasa sosai? Ruwa yana da nauyi. Ko a zurfin mita ɗaya, yadda yake danne ƙirji ya isa ya hana mutum jawo iska daga sama. Bayan haka, a dogon bututu iskar da ka fitar ba ta ƙarasa fita, ita za ka sake shaƙa.

Na uku takalmin roba mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, don tura ruwa ba tare da gajiya ba. Na huɗu, ga duk wanda bai ƙware ba, rigar ruwa mai hana nutsewa.

Jirgi yakan kai mutane gefen tudun murjanin, su sauka tare da jagora. Jagoran yana jan wata tayar roba da wanda ya tsorata ko ya gaji zai riƙe. Daga nan sai kallo. Ga kifi mai baki irin na aku yana gurgurar murjani, abin da ya narke a cikinsa ya fito ya zama farin yashi. Ga garken ƙananan kifaye shuɗɗa da rawaya suna juyawa lokaci ɗaya kamar an ba su umarni. Mai sa'a yakan ga kunkurun teku ya taso ya shaƙi iska ya koma. Doka uku ce: kada ka taɓa, kada ka taka, kada ka ɗauki komai, ko da ɓawon katantanwa ne.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ku riƙe. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, wanda ya sa ya fi ruwan gulbi nauyi, ya kuma fi shi ɗaga jikin mutum. Don haka wanda ya yi yawo a saman teku cikin sauƙi, kada ya ɗauka haka zai samu a gulbin garinsu.

Abin da ke kan tudu

Ruwan teku yana janyewa ya dawo sau biyu a kowace rana, saboda jan da wata da rana suke yi masa. A Zanzibar bambancin yakan kai mita uku zuwa huɗu. Idan ya janye, ana iya zagaya gaɓar Chumbe a ƙasa, ana duba kaguwa da sauran halittun da suka maƙale a ƙananan ramuka.

A kan tsibirin akwai hasumiya mai fitila da aka gina a 1904 don yi wa jiragen ruwa jagora tsakanin Zanzibar da Darussalam. Kusa da ita akwai wani ɗan tsohon masallaci. A cikin kurmin kuma akwai kaguwar kwakwa, wadda nauyinta kan kai kilo huɗu, tana hawa bishiya, tana fasa kwakwa da ƙafafunta na gaba. Tsibirin ba shi da rijiya ko rafi. Ruwan sama ake tarawa daga rufin ɗakuna a tace, wuta kuma daga hasken rana.

Ƙasan da ake takawa ma abin kallo ne. Dutse ne mai kaifi da ramuka, kuma in ka sunkuya za ka ga zanen murjani da ɓawon manyan katantanwa a jikinsa. Tsibirin gaba ɗayansa tsohon tudun murjani ne da ruwa ya janye ya bari.

Sakkwato ma ta taɓa zama teku

Irin wannan shaida muna da ita a gida. Masana ilimin duwatsu sun nuna cewa shekaru miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya ratso inda Sahara take a yau, ya rufe wani ɓangare na ƙasar Sakkwato da Jamhuriyar Nijar. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, ragowar ɓawon halittun wancan teku ne. A yankin Dange, maƙwabtan Boɗinga, an tono haƙoran kifaye da ƙasusuwan kada da kunkuru da suka zama dutse. Akwai ma wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da ƙadangare da aka gano ƙasusuwanta a wannan jiha, masana suka raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972, daga sunan Goronyo.

Don haka ɗan Horo Birni da bai taɓa ganin teku ba, a kan tsohon ƙasan teku yake noma gero.

Yaran tsibiri da ba su iya ruwa ba

Kowa zai zata duk ɗan Zanzibar kifi ne. Ba haka ba ne. Da yawa daga cikin ɗaliban da ake kawowa Chumbe ba su iya iyo ba, musamman mata, kuma ranar ce ta farko da suke ganin abin da ke ƙarƙashin ruwan da suka tashi a bakinsa. Ana fara koya musu amfani da gilashi da bututu a wuri marar zurfi, da rigar ruwa a jikinsu, kafin a kai su wurin murjani.

Zanzibar ta ɗanɗana kuɗar rashin iya ruwa da lodin da ya wuce ƙima. A ranar 10 ga Satumba, 2011, jirgin Spice Islander da ya taso daga Unguja zuwa Pemba, maƙare da mutane da kaya, ya nutse cikin dare. Ɗaruruwan mutane suka rasu.

A garin Nungwi da ke arewacin Unguja, wata ƙungiya mai suna Panje tana koya wa yara iyo da dabarun tsira. Babbar matsalar da 'yan mata suka fuskanta ita ce sutura, domin iyaye ba za su yarda 'yarsu ta shiga ruwa da kayan da ba su rufe jiki ba. Sai aka samar da kayan iyo masu rufe jiki daga kai har idon sawu, aka kuma horar da mata su zama masu koyarwa. Da jarkokin roba marasa komai a ciki ake fara koya musu kwanciya a saman ruwa. Ba su bar tarbiyyarsu ba, kuma sun iya ruwa.

Mu ma a nan gida

Wannan labari bai yi mana nisa ba. A watan Afrilun 2022, kwalekwale ya kife a ƙaramar hukumar Shagari da mutanen ƙauyen Gidan Magana, sama da mutum 20 suka rasu, akasarinsu matasa da yara. A watan Mayun 2023 haka ta sake faruwa da yaran ƙauyen Dandeji, aka rasa 15. Ba yawon shaƙatawa suka tafi ba, itacen girki za su samo a tsallaken ruwa. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ke mutuwa ta hanyar nutsewa a kowace shekara, kuma yara da matasa suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Saboda haka ne a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli don faɗakarwa a kan lamarin.

Abin da zai ba mu ƙwarin gwiwa shi ne, gwanayen ruwa ba su yi mana ƙaranci ba. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, akwai wasannin Kabanci: tseren kwalekwale, gasar iyo, gasar nutso da kamun agwagwar ruwa. Basarke yakan hau ƙaton gora ya ratsa Matan Fada da homarsa a hannu. Wannan goran, aikin rigar ruwa yake yi. Ilimin yana nan a hannun Sarkawa, sai dai bai isa ga yarinyar da ake turawa itace a kwalekwale ba.

Abin da ɗalibi zai iya yi

Ƙannena, kada wani ya karanta wannan ya ruga gulbi ya ce zai koya wa kansa iyo. Ba a koyon ruwa a ɓoye. Sai da izinin iyaye, a gaban babba wanda ya ƙware, a wurin da bai wuce ƙugu ba, kuma ba lokacin da gulbi ya kawo ba. Ku guji kududdufi da tafkin da ruwansa ba ya gudu, domin a nan ake ɗaukar cutar tsargiya. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya gaya wa iyayensa a je asibiti, tana da magani.

In za ku shiga kwalekwale, ku duba lodinsa. Idan ruwa ya kusa kai bakinsa, ku jira sawu na gaba ko da za a yi muku dariya. Kada ku shiga da dare ko hadari ya haɗo. Idan akwai rigar ruwa, ku saka ku ɗaure. Idan babu, jarka marar komai da aka rufe bakinta gam tana iya riƙe mutum a saman ruwa. Ku zauna wuri ɗaya, domin tashi tsaye da rugawa gefe guda su ke kifar da jirgi.

Wanda ya faɗa ruwa, tsoro ne babban abokin gabarsa. Ya yi ƙoƙari ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa da ƙafafu, fuskarsa tana kallon sama, ya yi numfashi a hankali. Wanda kuma ya ga wani yana nutsewa, kada ya yi tsalle ya bi shi, domin mai nutsewa yakan ƙanƙame mai ceto su tafi tare. Ya yi ihu a kawo ɗauki. Ya jefa masa jarka ko igiya, ko ya kwanta a bakin gaɓa ya miƙa masa doguwar sanda.

A makaranta kuma, kuna iya roƙon shugaban makaranta ya gayyato Sarkin Ruwan yankinku ya yi muku bayani a taron safe kafin damina ta kankama. Ƙungiyar kimiyya ko ta labarin ƙasa tana iya neman a kai ta ziyara Kalambaina ko Dange. 'Yan mata su nemi malamansu mata su shige musu gaba, domin su aka fi turawa itace da wanki a bakin ruwa.

Zuwa Chumbe daga nan sai an hau jirgin sama an bi ta Addis Ababa ko Nairobi, kuma kuɗin ba na ɗalibi ba ne. Amma masu nazarin kifi da ruwa da duwatsu sukan je irin waɗannan wurare a bakin aikinsu, kuma ana koyar da waɗannan fannoni a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke nan Sakkwato. Ƙila a cikin masu karanta wannan shafi akwai wanda wata rana zai saka gilashi ya leƙa murjani da idonsa. Kafin ranar ta zo, akwai gulbin da za a tsallaka a daminar bana, kuma Hausawa sun riga sun faɗa: iya ruwa fid da kai.